Tambayoyi da amsoshi: Me ya sa kocin 'yan katanga ake fara nema a kora a ƙwallon jami'o'in Amurka?

Duk ranar Asabar da ƙungiyar wata jami'a ta sha kashi a ƙwallon zari-ruga ta Amurka, akwai sunan da magoya baya ke fara kamawa tun kafin 'yan wasa su cire hular kwano. Babban koci yana da sauran lokaci, sai abin ya yi ta maimaituwa ake isa kansa. Wanda ake fara cewa ya tattara nasa ya nasa shi ne kocin 'yan katanga. Tun da abokaina suka gano ina hana idona barci saboda wasan da galibi sai tsakar dare yake daɗi a agogon Najeriya, suke ta jefo mini tambayoyi a kan wannan rigima. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Su wane ne 'yan katangar nan?

Mutum biyar ne cikin sha ɗaya da ke fili idan ƙungiya tana riƙe da ƙwallo. Na tsakiya shi ne santa, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo. Hagu da damansa akwai masu gadi biyu, a gefuna kuma takul biyu. Lambobin rigarsu daga 50 zuwa 79 ne, kuma a manyan jami'o'i kusan kowannensu ya haura kilo 130. Ba sa cin maki, doka ma ta hana a jefa musu ƙwallo a wasa na yau da kullum. Aikinsu biyu ne: su buɗe hanya ga mai gudu da ƙwallo, ko su tsaya kamar bango su ba kwatabak daƙiƙa biyu zuwa uku ya jefa. Na kira su 'yan katanga saboda wannan.

Ai turi ne kawai. Me koci zai koya wa ƙato yadda zai tura ƙato?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba ni dariya, don ni ma haka na ɗauka da farko. Bari mu kalli sakin ƙwallo ɗaya kusa-kusa.

Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma. An yi biyu, saura yadi bakwai, kowa a filin ya san jifa za a yi. Santa ya sunkuya a kan ƙwallo, ya ɗaga kai, ya nuna wani ɗan bayan abokan karawa da yatsa ya kira lambarsa. Da wannan nuni guda ya raba wa mutum biyar aiki: wa zai tare wa, wa zai juya hagu, wa aka bar wa mai gudu ya tare. Mutum dubu tamanin suna ihu, takul na hagu ba ya jin komai, da gefen ido yake kallon ƙwallo. Aka saki ƙwallo. Mai tsaron da ke gaban mai gadi bai zo kai tsaye ba, sai ya faɗa kan takul, shi kuma na gaban takul ya zagayo ta bayansa ya nufi giɓin da aka bari. Cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, mai gadi da takul za su yi musayar mutanensu ba tare da magana ba. In ɗaya ya makara da taku guda, kwatabak yana ƙasa.

To wannan musaya, da inda za ka sa ƙafar farko, da inda tafin hannu zai sauka a ƙirjin abokin karawa, da yadda za ka lanƙwasa gwiwa maimakon ƙugu, su ake koyarwa. Akwai kuma tsari: wasu ƙungiyoyi kowa yanki yake tarewa, katanga gaba ɗaya ta karkata gefe guda, salon da Alex Gibbs ya yi suna da shi a ƙungiyar ƙwararru ta Denver Broncos a shekarun 1990. Wasu kuma mai gadi ɗaya ne yake ficewa daga sahu ya zagaya ya buɗe hanya a ɗaya gefen. Kowane salo da irin jikin da yake buƙata.

Me ya sa shi ake fara zargi?

Saboda kuskuren katanga kaɗai kyamara ke nunawa. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi. Mai gadi zai iya yin turi sau sittin ba aibu, ba wanda zai san yana wurin. Ranar da ya riga malam masallaci, wato ya motsa kafin a saki ƙwallo, alƙali zai kira lambarsa a lasifika a mayar da ƙungiya baya yadi biyar. In ya riƙe rigar abokin karawa, yadi goma. Ɗan kallo ba ya sanin sunansa sai ta hanyar laifi, kuma daga sunan yaro zuwa sunan malaminsa taki ɗaya ne.

Akwai kuma lissafin kuɗi. Korar babban koci a babbar jami'a tana cin miliyoyin daloli na sallama. Korar mataimaki ɗaya ba ta kai ko kusa ba, kuma tana nuna wa jama'a cewa an yi wani abu. Babban kocin da kujerarsa ta fara ɗumi ya san wannan sarai.

Amma in an kayar da kwatabak sau biyar a wasa ɗaya, laifin wa in ba katanga ba?

Sai ka sake kallon biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar biyu ne na katanga. Ɗaya kwatabak ne ya riƙe ƙwallo daƙiƙa huɗu yana neman wanda zai jefa wa. Ɗaya mai gudu ne ya kasa tare wanda aka bar masa. Na biyar kuma masu tsaro mutum shida suka turo alhali masu tarewa biyar ne, wannan tun daga tsarin wasan aka yi kuskure, kuma mai tsara hari ne ya kira shi.

Ga wani abu da ke ruɗa masu kawo alƙaluma a gardama. A ƙwallon jami'a, yadin da aka yi asara idan aka kayar da kwatabak daga lissafin gudu ake cire shi. A NFL kuwa, wato gasar ƙwararru ta Amurka, daga lissafin jifa na ƙungiya ake cirewa. Saboda haka za ka ji mutum yana kumfar baki cewa "ko yadi uku ba ma ci a kowane gudu," alhali in ka ware faɗuwar kwatabak, gudun nasu ba laifi.

An taɓa yi wa wani koci ca, daga baya ya fita kunya?

Jami'ar Ohio State a kakar 2024. Kocin katangarsu a lokacin Justin Frye ne, kuma tun kafin kakar magoya baya suna ƙorafin ba ya kawo manyan yara daga sakandare. A watan Oktoba takul na hagu, Josh Simmons, ya ji rauni a gwiwa a wasan da Oregon ta doke su 32 da 31. A Nuwamba santa, Seth McLaughlin, ya tsinka jijiyar dunduniya a wajen atisaye. Ranar 30 ga Nuwamba suka karɓi baƙuncin Michigan. Ƙarfe shida na yamma aka fara a agogonmu, na tuna don tsakanin magariba da isha'i na yi ta leƙen waya. Suka nace sai sun yi gudu ta tsakiya, inda Michigan ta fi ƙarfi, aka yi ta mayar da su baya, aka tashi 13 da 10 a gidansu. Karo na huɗu ke nan a jere Michigan ta doke su. A daren nan ba Frye kaɗai ba, har babban koci Ryan Day an nemi kansa.

Sai ga gasar fitar da gwani, shekarar farko da aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiya 12. Katangar nan da aka yi wa faci, wadda Donovan Jackson ya bar gurbinsa na mai gadi ya koma takul na hagu a tsakiyar kaka, ita ta tsaya gaban Tennessee, da Oregon, da Texas, sannan Notre Dame ranar 20 ga Janairun 2025, aka ci kofi da 34 da 23. Koci bai canza ba, yara ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne irin wasan da ake kira: aka daina karo da bango, aka riƙa fitar da ƙwallo da wuri zuwa ga masu cafka. Bayan 'yan makonni Frye ya koma Arizona Cardinals a NFL, Jackson da Simmons kuma duk aka ɗauke su a zagayen farko na zaɓen NFL na 2025, wato zaɓen da ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗaukar 'yan wasa daga jami'o'i.

Wato magoya baya ba sa taɓa yin gaskiya?

Suna yi, kuma Iowa ce shaida. Kirk Ferentz yana jagorantar ƙungiyar tun 1999, shi kansa tsohon kocin katangar Iowa ne a shekarun 1980. Ɗansa Brian ya riƙe katanga daga 2012, sannan aka ɗaga shi ya zama mai tsara hari a 2017. Saboda ƙa'idar jami'a kan ɗaukar dangi aiki, a takarda Brian ba a ƙarƙashin mahaifinsa yake ba, daraktan wasanni ne shugabansa. Kowa ya san wannan a takarda ya tsaya.

Harin Iowa ya lalace har aka kai ga wani abu da ban taɓa jin irinsa ba: a farkon 2023 aka rubuta a kwantiraginsa cewa dole ƙungiya ta riƙa cin matsakaicin maki 25 a kowane wasa. Masu barkwanci a faɗin ƙasar suka riƙa ƙirga masa maki mako-mako kamar masu bin bashi. Bai kai ko kusa ba, wajen maki 15 aka tsaya, kuma a ƙarshen Oktoba jami'a ta sanar ba zai dawo ba. Abin mamaki, ƙungiyar ta ci wasa goma a shekarar, albarkacin masu tsaro. Amma Penn State, da Michigan, da Tennessee duk sun hana ta cin ko maki ɗaya.

Inda labarin ya shafi maganarmu shi ne nan. A waɗannan shekaru an caccaki kocin katanga, George Barnett, shi ma. Ba a kore shi ba. A 2024 aka kawo sabon mai tsara hari, Tim Lester, sai ga Kaleb Johnson ya yi gudun fiye da yadi 1,500 a bayan katangar da Barnett ɗin nan ya horar. Magoya baya sun yi gaskiya da suka ce ruwa ba ya tsami banza. Wurin nuna mai laifin ne wasunsu suka haɗa da wanda bai ci nanin ba.

Mataimaka nawa doka ta yarda babban koci ya ɗauka?

Shekaru da yawa tara ne a babban rukuni. Daga Janairun 2018 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙara na goma. Ban da su akwai ɗaliban digiri na biyu masu koyon aiki. A watan Yunin 2024 kuma aka cire iyakar gaba ɗaya a ɓangaren koyarwa: duk ma'aikacin ƙungiya yanzu zai iya tsayawa a fili ya koyar. Iyakar da ta rage ita ce ta waɗanda za su fita waje zawarcin yara, wato neman sababbin 'yan wasa su shigo jami'ar.

Gardamar da ta biyo bayan ƙarin na goma ita ce: tunda kocin katanga shi kaɗai yake da mutum biyar a fili, ga wajen goma sha biyar ko fiye a ɗakin karatunsa, me zai hana a ba shi abokin aiki? Michigan ta gwada raba aikin a 2017, Tim Drevno da na ciki, Greg Frey da na gefe. Shekara ɗaya aka yi, dukansu suka tafi, aka damƙa wa Ed Warinner. Ra'ayina, mataimaki a ƙarƙashin koci ɗaya yana da amfani, amma shugabanni biyu a ɗaki ɗaya matsala ce, domin musayar da na kwatanta a sama tsakanin mai gadi da takul take, kuma dole murya ɗaya ta koya musu ita.

Su kuma "manazarta" da ake ta magana fa?

Wannan ƙofa ce da Nick Saban ya buɗe wa kowa ido a kanta a Alabama. Tunda doka a da ta ƙayyade masu koyarwa a fili amma ba ta ƙayyade masu kallon bidiyo a ofis ba, sai ya riƙa ɗauko manyan kocin da aka kora a wasu wurare ya ba su tebur. Steve Sarkisian da Mike Locksley sun yi wannan aiki a 2016, Butch Jones ya zo a 2018. Dukansu sun sake zama manyan koci daga baya. Jami'o'i masu kuɗi suka bi sahu, marasa kuɗi suka yi ta kallo. Dokar 2024 halatta abin da aka daɗe ana zargin ana yi a ɓoye ta yi.

Wanne ya fi: kocin da ya iya koyarwa ko wanda ya iya zawarcin yara?

Wannan ita ce gardamar da ba ta mutuwa. Masu cewa zawarci suna da hujja: ba koci da zai ƙara wa yaro tsawon hannu. Masu cewa koyarwa su ma suna da tasu: a duk guraben wasan, katanga ce ta fi wuyar hasashe daga sakandare. Yaro ɗan shekara 17 da ya fi kowa girma a garinsu bai taɓa buƙatar dabara ba, kuma ba wanda ya san yadda jikinsa zai kasance bayan shekara uku na ɗaga ƙarfe.

Ni na fi karkata ga koyarwa, da sharaɗi: kocin da ya iya koyarwa, in ya daɗe a wuri ɗaya, aikinsa ne zai yi masa zawarci. Harry Hiestand a Notre Dame ya yaye Zack Martin da Ronnie Stanley, sannan a 2018 ɗalibansa biyu, Quenton Nelson da Mike McGlinchey, suka shiga cikin goman farko na zaɓen NFL. Wane uba ne zai ga haka ya tsaya neman daɗin baki? Jeff Stoutland kuma, wanda ya riƙe katangar Alabama a 2011 da 2012 kafin ya koma Philadelphia Eagles, shi ya karɓi Jordan Mailata, ɗan Ostireliya da bai taɓa buga wasan ba a rayuwarsa, ya mayar da shi takul na hagu.

Sharaɗin daɗewar nan shi ne abin da masu neman kora ke mantawa. Katangar da kake gani a bana, yaran da aka ɗauko shekara uku ko huɗu da suka wuce ne. Sabon kocin da ya zo a Janairu yana da atisayen bazara sau 15 kacal, sai na kafin kaka, ga dokar da ta hana yara wuce awa 20 a mako a harkar wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To me ya hana a sayo gogaggu daga wasu jami'o'i?

Ana yi. Tun Oktoban 2018 akwai rajistar sauya sheƙa, daga 2021 aka bar ɗan wasa ya koma wata jami'a ya buga nan take, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka yarda ya ci kuɗi da sunansa. A 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye. Matsalar ita ce ƙwararren takul ba ya yawa a kasuwa, don jami'ar da ke da shi ba ta sakinsa cikin sauƙi, kuma in ya fito kowa na binsa. Toshe giɓi ɗaya ko biyu yana aiki. Haɗa baƙi biyar a watan Janairu a ce su zama tsintsiya kafin Satumba, wannan caca ce.

Kocin katanga yana zama babban koci kuwa?

A da an fi ɗaukar masu tsara hari ko tsaro. Amma ga Ferentz, ga Mario Cristobal da ya bar katangar Alabama ya koma Oregon, daga baya ya zama shugaba a can sannan a Miami, ga Sam Pittman da Arkansas ta ɗauko kai tsaye daga katangar Georgia a ƙarshen 2019 ya ci mata wasa tara a 2021, ga Sherrone Moore, kocin katangar Michigan, da ya gaji Jim Harbaugh a can a Janairun 2024.

Akwai kyautar da ake ba su?

Akwai kyautar Joe Moore, tun 2015, mai ɗauke da sunan tsohon kocin katangar Pittsburgh da Notre Dame. Ba mutum ɗaya ake ba ba, sahun gaba ɗaya ake ba. Alabama ce ta fara ci, Iowa ta biyo a 2016, Michigan ta ci sau biyu a jere a 2021 da 2022.

Akwai 'yan Najeriya a wannan gurbi?

Da dama, galibi 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka. Russell Okung ya fito daga Oklahoma State, Ikem Ekwonu daga NC State, Olu Fashanu daga Penn State, duk a zagayen farko aka ɗauke su. Olu Oluwatimi kuma shi ne misalin toshe giɓi ɗaya da ya yi kyau: ya bar Virginia ya koma Michigan a 2022, ya zauna a tsakiyar katangar da aka riga aka gina, ya ci kyautar Rimington ta gwarzon santa da ta Outland a shekara guda.

In ina kallo, yaya zan gane da idona ko kocin yana aiki?

Ka daina bin ƙwallo har a sake ta sau goma a jere, ka kafa ido a kan mutum biyar ɗin. Ka ware kuskure iri biyu. In aka ture yaro da ƙarfi ko aka wuce shi da gudu, wannan maganar jiki ce, ka tambayi wanda ya ɗauko shi da mai horar da ƙarfinsa. In kuwa ka ga mai tsaro ya shigo ba wanda ya taɓa shi, mutum biyu sun tare mutum ɗaya sun bar wani a sake, to yaran ba su san aikinsu ba, kuma wannan a wuyan koci yake. In hakan na faruwa a Satumba da sababbin yara, ka yi haƙuri. In yana faruwa a Nuwamba da yaran da suka yi wasa tara tare, ka yi magana.

Sannan ka jira ranar da wani zai ji rauni. Na shida da na bakwai a sahu, waɗanda ba wanda ya san sunansu, su za su shigo. Ka duba ko mai tsara hari ya ci gaba da kiran wasanninsa yadda ya saba, ko kuwa ya fara ajiye ƙarin mutum a gefen sabon yaron yana taya shi tarewa har a tashi.